Bangon bayan gas: littafin aikin gyaran kicin ba tayil

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau mai tayil ya zo. Ya ciro tef ya auna bango, ya yi shiru yana danne-danne a waya, sannan ya faɗi kuɗin da ya sa na ce masa, “To Malam, za mu yi shawara.” Shi ma ya san abin da wannan maganar take nufi, don ko lambata bai karɓa ba. Katan biyu na tayil, siminti, yashi, farin simintin cike tsakani, ladan sassaƙe bango, kuɗin hannu, da aka haɗa sun haura rabin albashina. Ban ga laifinsa ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, Naira kuma ta zube, babu kayan ginin da ya tsaya inda muka san shi. A farkon shekarar nan buhun siminti sai da ya wuce Naira dubu goma a wurare da dama.

Ko da kuɗin suna ajiye, gidan haya ne. Mijina, Baban Ummi, ya kira Alhaji mai gidan ya tambaye shi ko za a cire mana a kuɗin shekara, ya ce in muna so mu yi, Allah ya ba da lada, amma ba ragi. Tayil kuwa ba akwati ba ne balle ranar tashi ka ɗora a a-kori-kura.

Bangon da nake magana shi ne wanda yake saman kanta. Tsawonsa ƙafa takwas, daga kanta zuwa katakon da nake jera kwanuka ƙafa biyu. Gas mai kai biyu yana hagu, tsakiya wurin yanke-yanke da jajjage, akwai soket ɗaya a nan, sinki yana dama. Fentin ruwa ne a jikinsa, da can ruwan madara. Yanzu duk abin da na soya cikin shekara uku yana rubuce a kai: feshin manja, tsallen man ƙosai, baƙin hayaƙin risho na ranakun da gas ya yanke. In ka sa soso, fenti ne yake biyo soson, tabon yana nan daram.

Na ba kaina wa'adi zuwa azumi, wanda ake sa ran farkon Maris. Ba zan ƙara yin wata guda ina suya a gaban wannan bangon ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Wanki. Ruwan zafi, omo, da ɗan dunƙulen kanwa da na jiƙa tun dare, don kanwa tana yanka maiƙo fiye da sabulu shi kaɗai. Sau uku na bi bangon, ina ɗauraye shi da ruwa mai kyau, har sai da yatsa ya daina santsi a kai. Awa huɗu ya ci mini. Duk wanda na tambaya, mai fenti da kafinta, abu ɗaya suka faɗa: ba fenti ba gam da zai kama bango mai maiƙo.

A ƙarƙashin fentin ruwan na tarar da wani tsohon fentin mai, kore, na zamanin masu gidan na farko. Ban goge shi a bushe ba. Tsofaffin fentin mai wasu akwai dalma a cikinsu, ƙurarta kuma yara take fi illatawa, mu da muka ji abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 bai kamata a sake yi mana bayani ba. Na kora yara gidan maƙwabta, na riƙa jiƙa sanfefa ina gogawa, na kwashe caɓin da tsumma na zubar da tsumman.

Can wajen sinki na ƙwanƙwasa bango da bayan cokali, sai na ji yana amsawa kamar ƙwarya. Na danna da wuƙa, filastar ta zubo kamar garin tuwo, bayanta a jiƙe, ga fumfuna, ga kyankyasai biyu sun fito a guje. Ashe mahaɗar bututun famfo ce take yoyo a cikin bango, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Da na biye wa mai tayil, da an binne ɓarnar an yi mata ado.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mai gyaran famfo ya canza mahaɗar ranar Laraba, wannan kam Alhaji ya biya, bayan an tura masa hoto. Yau ƙanena ya zo da mudu biyu na siminti da ya rage a wurin aikinsu, ya tankaɗe yashi da rariyata (ban yafe ba tukuna), ya cike ramin ya shafe shi sumul.

Na ce gobe sai fenti. Ya ce, “Yaya, wata guda.” Na ɗauka wasa yake. Ya ce sabon siminti kwana ashirin da takwas yake ɗauka kafin ya yi ƙarfinsa, kuma yana da kaifi irin na toka. In aka shafa masa fentin mai da wuri, kaifin yana narkar da man fentin ya koma kamar sabulu, ya yi danƙo, ya saɓule. Ya ce kwana uku na farko in riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma, tunda iskar hunturu ta fara kaɗawa, kada ya bushe da gaggawa ya tsage. Na lissafa a kalanda, 14 ga Disamba.

Tunda ba aikin yi, muka shiga kasuwa. A Ƙofar Ruwa da Sabon Gari na ga abubuwa huɗu da ake cewa suna maye gurbin tayil. Akwai leda mai gam a baya, a naɗe, an zana mata tayil ko marmara. Akwai silin roba, wanda wasu suke bugawa a bango. Akwai fomeka, fale guda ƙafa takwas da huɗu, wadda ta fi ƙarfin buƙatata sau biyu kuma ba a yanka wa mutum rabi. Sai fentin mai. Kowane mai shago ya rantse nasa ba ya jin wuta ba ya jin ruwa. Na sayi yadi ɗaya na ledar don gwaji, don ita ce ta fi araha kuma, gaskiya, ita ce ta fi kyau a ido.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Leda ta faɗi jarrabawa. Na manna ta bayan gas ranar Lahadi. Yau na ɗora babbar tukunyar dambu, harshen wuta ya leƙo ta bayan tukunyar, kafin in sauke gefen ledar ya yamutse kamar fatar tsohuwa, gam ya saki, wani wari ya cika kicin. Irin wannan robar tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba take fara laushi, silin roba ma danginta ne, don haka shi ma na soke shi. Araha ba ta ado.

Guntun da na liƙa a tsakiya, nesa da wuta, yana nan lafiya lau. Wannan ya sa na zauna na sake kallon bangon. Ni ce nake ta neman abu ɗaya da zai rufe ƙafa takwas saboda haka tayil yake yi. Alhali hagu wuta ce matsalarsa, dama ruwa, tsakiya kuwa ba abin da yake damunsa sai ɗigon tumatir. Kowanne zan nema masa nasa.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na je karɓo takardun jarrabawar makarantarmu a wani gidan buga takardu a Fagge, sai na ga tulin faranti na alminiyam jingine a bayan ƙofa, masu faɗi, sirara. Su ne ake ɗaura wa injin su ɗauki tawada. Da an gama aiki ɗaya shi ke nan, ba a sake amfani da su, sai a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Fuska ɗaya toka-toka ce da rubutun aikin da aka buga, ɗaya fuskar kuwa fes take, tana ɗaukar ido kamar sabuwar tukunya.

Na ce wa mai wurin, “Alhaji, nawa za ka bar mini huɗu?” Ya dube ni ya ce, “Malama, kaji za ki yi wa rufi?” Da na gaya masa, dariya ya yi har da tafawa, ya ce in zaɓa, ya karɓi abin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Zaɓen ne ya ɗauki lokaci. Rubutun da ke jikin farantin a miƙe yake, ana karanta shi kai tsaye, ba a juye ba kamar na hatimi. Na farko da na ɗaga kalandar saukar karatu ce ta wata Islamiyya, da ayoyi a samanta, na mayar da sauri. Ba zan kifa ayar Allah a bangon kicin tana shan hayaƙi ba. Na biyu ma akwai bismilla. Daga ƙarshe na samu na rasit ɗin wani shagon magani, da na katin biki, da biyu na takardar lissafi ta 'yan aji uku. Na injin bugawar da ake kira Kord ne, santimita 65 da 55 kowanne, kaurinsu bai kai rabin milimita ba. Biyu za su rufe bayan gas, biyu na ajiya.

Alminiyam sai zafi ya kai digiri 660 yake narkewa. Tukwanenmu ma da shi ake yi, kullum suna kan wuta.

Lahadi, 8 ga Disamba

An ɗaura. Almakashin ɗinkina na da ya yanka shi kamar kwali. Sai dai bakinsa reza ne, ban ankara ba ya tsarge mini babban yatsa, jini har kan kanta. Bayan na ɗaure yatsa muka yi abin da ya kamata a fara yi: a ɗora katako a kan layi, a tanƙwaro baki kamar faɗin yatsa, a kwantar da shi ciki, a bi da guduma a hankali ta kan tsumma. Duk gefe huɗu. Ninkin ya kashe kaifin, ya kuma ba farantin ƙarfi, ya daina lanƙwasa kamar takarda.

Ƙanena ya so mu shafa solushan mu manna. Na ƙi, dalili biyu. Tururin solushan yana kama wuta, ga tukunyar gas a ƙarƙashin kanta. Na biyu, ina so ranar da za mu tashi in kwance abina in tafi. Ya ari injin huda bango, muka jira wuta har la'asar, ya huda rami shida ga kowane faranti, ya cusa 'yar robar nan da suke kira fisha, ya ɗaure da sukuru. Na dama ya hau kan na hagu da faɗin yatsa biyu don kada mai ya samu hanyar shiga. Mun tsaya taƙi guda kafin soket. Ƙarfe ne, yana ɗaukar lantarki, ba na son ya kusanci waya ko kaɗan. Gas ɗin ma na jawo shi gaba kaɗan.

Ba zan yi ƙarya ba, bai kwanta sumul ba. Duk inda bango yake da tudu ya nuna, fuskarka a ciki kamar ka leƙa rijiya ana jan ruwa. Baban Ummi ya leƙo ya ce kicin ya koma shagon mai shayi. Da dare na soya kifi, mai ya yi ta tsalle, na sa tsumma da ruwan omo sau ɗaya, ya fita tas. Na kira shi ya zo ya gani, ya ce mai shayin ya iya sana'a.

Asabar, 14 ga Disamba

Kwana ashirin da takwas cif. Simintin ya yi fari, ya bushe ƙayau. Na shafa fentin ƙasa a tsakiya da wajen sinki, wanda mai shago ya ce an yi shi don sabuwar filasta.

Kuskuren yau nawa ne. Na bar taga a buɗe saboda wari, hazo kuwa ya sauko tun asuba. Da yamma na shafa hannu, bangon kamar sanfefa. Ƙurar hunturu ta zauna a ɗanyen fenti ta bushe tare da shi.

Talata, 17 ga Disamba

Na goge da sanfefa mai laushi, na share da ɗanyen tsumma. Wannan karon na jiƙa tsohon zani na rataya a taga, iska tana shiga ƙura tana tsayawa a zanin, na yayyafa ruwa a ƙasa. Shafa ta farko jiya bayan isha, ta biyu yau, kwana guda tsakani. Siriri-siriri, don fentin mai in ya yi kauri hawaye yake yi. Ruwan toka mai haske na zaɓa. Farin fentin mai yana komawa ruwan ɗorawa a wurin da rana ba ta shiga sosai, kicin ɗina kuwa taga ɗaya ce. Girki ya koma tsakar gida a kan gawayi har Juma'a. An ce kada in sa masa soso sai ya yi sati biyu zuwa uku, ko da ya bushe a hannu cikinsa bai gama ƙarfi ba.

Asabar, 28 ga Disamba

Hajiya, mahaifiyar Baban Ummi, ta zo mana kwana biyu. Ta tsaya a ƙofar kicin tana kallo, ta ce, “Maman Ummi, wannan wahalar duk ta mece ce?” Na yi mata bayani. Ta zauna a kujera 'yar tsugune ta ce su a gidansu na cikin gari ba su san tayil ba, kuma ruwa bai taɓa cin bangonsu ba. Laso ake yi. A samo katsi, wato laka da tokar da ake kwasowa daga gindin rijiyar rini irin na Ƙofar Mata, a ƙona a daka, a haɗa da gashin jima daga majema, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi, a shafe soro da shi. Bangon waje kuma makuba, daga ɓawon ɗorawa. Ta ce madafi ma ba a ɗaki yake ba, a fili yake, hayaƙi ya tashi sama abinsa. Mu ne muka shigar da wuta cikin ɗaki muka rufe ƙofa, sannan muka zo muna kuka da bango.

Na ce, “Hajiya, yanzu ina zan samu mai laso?” Ta ce ko na samu, a kan bulo ba zai zauna kamar a kan tubali ba. Ta ƙwanƙwasa farantina da farce, ta ce ba laifi, amma ya yi tsirara da yawa. Ban gane ba sai washegari, da ta aiki jikanta gida ya dawo da wani babban tire na kwano cikin kayan jerenta na aure, fari da jajayen furanni, gefensa ya ɗan ɓantare. Ta ce a rataya a tsakiya. Irin wannan kwanon ƙarfe ne aka narka masa gilashi a jiki, shi ya sa wuta ba ta cin zanensa, shekara nawa ana ɗora su a murhu. Na karɓa da hannu biyu. A raina na ce sai dai in ajiye, ina ni ina huda tiren Hajiya.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Wajen sinki. Fenti kaɗai ba zai jure ruwan wanke-wanke kullum ba, musamman layin da kanta ta haɗu da bango. Gilashi nake so, amma da na tambayi masu tagar alminiyam kuɗin yanka guda mai ƙafa biyu da rabi, na ja da baya. Ina fitowa na hango tarin gilasan luba a gefen shagon, waɗanda ake cirewa daga tsofaffin gidaje ana sa taga mai turawa. Faɗin kowanne inci shida, tsawo inci talatin. Huɗu in an jera su a kwance, ɗaya bisa ɗaya, inci ashirin da huɗu ke nan, ƙafa biyu daidai, kamar don bangona aka yanka su. Dogayen gefunan kuma an riga an kashe musu kaifi. Na ɗauki shida, masu santsi, ba masu ƙyalƙyali ba. Gilashin gama-gari ne, zafi a gefe ɗaya yana fasa shi, don haka bayan gas ba wurinsa ba ne. Nan kuwa ruwa ne kawai.

Dabarar ita ce a yi fentin a baya. Na wanke su, na goge da sifirit, na shafa ragowar fentin ruwan toka sau biyu. In ka juyo gaba, launin yana can ƙarƙashin gilashi yana sheƙi, soso ba zai taɓa kai masa ba. Wallahi ya fi tayil ɗin da aka nuna mini kyau.

Sai silikon. Na sayo na farko da aka miƙo mini, na buɗe, wari kamar ruwan tsami mai kaifi ya bugi hancina. Allah ya taimake ni na gwada a guda ɗaya tukuna. Kwana biyu, ta gaba ana ganin tabo duk inda na ɗiga shi, ya ci fentin. Ƙanena ya ce iri biyu ne: mai tsamin nan na gilashi da gilashi ne, ba ya shiri da siminti ko fenti, akwai marar tsami, wanda ake manna madubi da shi, ya fi tsada kaɗan. Gilashi ɗaya ya tafi, saura biyar.

Lahadi, 26 ga Janairu

Uku sun hau. Na fara daga ƙasa, na sa tsinken ashana biyu a ƙarƙashi don a bar siririn fili tsakanin gilashi da kanta, na ɗiga silikon ɗigo-ɗigo a baya, na danna, na tallafe da salatif har kwana guda kafin in ɗora na sama. Na huɗu bai shiga ba. Katakon kwanukan ashe a karkace yake, ɓangaren dama ya sauko da kusan rabin inci. Ko dai a kai gilashin a rage shi, ko a ɗaga katakon. Baban Ummi ya ce katakon, tunda dama shi ya buga shi a karkace. Waɗannan dai na san ba za su bi ni sabon gida ba, na bar wa Alhaji sadaka.

Wani abu kuma ya faru ranar Laraba. 'Yar yayata da take zaune wurinmu ta ga yadda na wanke bango da kanwa, ta ce bari ta burge ni. Na dawo makaranta na tarar farantin hagu ya yi dishi-dishi, tsakiyarsa baƙi-baƙi kamar gindin tukunya. Kanwa da soda suna cin alminiyam, ni ce ban faɗa mata ba. Ta tsaya tana murza hannu, “Anti, wallahi gyarawa na yi.” Na goga lemon tsami da soson waya mai laushi, ya ɗan washe, amma sheƙin bai dawo ba. Ina da biyu a ajiye, sai dai sai an sake ninki da huji, yatsana kuma bai manta ba.

Jiya na ɗauko tiren Hajiya na kara a wurin. Ya rufe tabon gaba ɗaya, jajayen furannin a kan farin ƙarfe, kamar da ma can wurinsa ne. Ba sai an huda shi ba: maƙerin bakin titi ya ce zai lanƙwasa mini ƙugiya uku da za su riƙe shi ta baki, in ciro in wanke in mayar. Ya ce in dawo Alhamis.

Abin da ya rage: ƙugiyoyin, ɗaga katako, gilashi na huɗu, sai bin duk mahaɗa da silikon, har da layin bayan sinki. Fentin tsakiya ya sha jajjagen attaruhu sau biyu, ya goge bai nuna ba. A kusurwar ƙasa kusa da famfo na ga wani ɗan duhu kamar girman kwabo, ban sani ba ko inuwa ce ko danshi ne yake dawowa. Na zagaye shi da fensir, zan duba ranar Asabar in ga ko ya wuce layin.